Kujerar Darakta da Amanar Masu Hannun Jari: Jagora Mataki-Mataki

Abuja gari ne da ya tara mutanen da suka ajiye aiki da sauran ƙarfinsu: tsofaffin manyan sakatarori, daraktocin ma'aikatu, hafsoshin soja masu ritaya, lauyoyi da akantocin da suka yi suna. Irinsu kamfanoni ke nema idan gurbi ya samu a majalisar daraktoci. Takardar naɗi za ta iso, gida ya cika da 'yan barka, kowa na cewa Allah ya taya riƙo. Abin da ba a cika zaunar da mutum a gaya masa ba shi ne, tun daga ranar da ya sa hannu ya karɓi kujerar, doka ta rataya masa amanar dukiyar dubban mutanen da bai taɓa gani ba, kuma tana da hanyar da za ta tuhume shi a kai.

Kamfanin da hannun jarinsa ke kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, ya sha bamban da kamfanin gida, wanda uba da 'ya'yansa za su yanke magana a falo bayan sallar isha'i. A nan Abuja muna da irin waɗannan kamfanoni, kamar bankin Jaiz, da Transcorp Hotels, da Julius Berger mai hedikwata a Utako. Masu irin wannan kamfani sun haɗa da manyan attajirai, da asusun fanshon ma'aikata, da malamar makaranta a Kubwa da ta sayi 'yan hannayen jari ta ajiye wa 'ya'yanta. Ita ba za ta taɓa shiga ɗakin da ake yanke shawara ba. Darakta ne idonta da kunnenta a can.

Mun ga abin da ke biyo baya idan wannan ido ya rufe. Ranar 14 ga Agustan 2009 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Afribank, FinBank, Intercontinental, Oceanic da Union, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Cikin abin da bincike ya tono har da basussukan da aka bai wa na ciki da kamfanonin makusantansu ba tare da isasshiyar jingina ba. A Agustan 2011 aka karɓe lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jarinsu suka wayi gari riƙe da takardun da ba su da sauran daraja. Kowane ɗaya daga cikin bankunan nan yana da majalisar daraktoci, kuma hana irin wannan ɓarna aikinta ne.

Jagorar nan domin wanda aka naɗa ce, namiji ko mace, sai a ƙarshe na waiwayi mai ƙaramin hannun jari. Dokar da zan fi ambata ita ce dokar kamfanoni, CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agustan 2020.

Mataki na farko: san wanda ka ɗauki amanarsa

Kusan kowane darakta yana da wanda ya kawo shi. Wani babban mai hannun jari ne ya ba da sunansa, wani gwamnatin jiharsa ce, wani kuma shugaban majalisar abokinsa ne tun suna Barewa ko ABU. Wannan ba aibi ba ne. Aibin yana farawa ne ranar da darakta ya ɗauki kansa ɗan aiken wanda ya kawo shi.

Sashe na 305 na CAMA ya ce darakta mai riƙon amanar kamfani ne. Dole ya yi aiki da cikakkiyar gaskiya, ya bi abin da ya yi imanin shi ne maslahar kamfanin gaba ɗayansa, ya kare dukiyarsa, ya ciyar da kasuwancinsa gaba, ya kuma kula da ma'aikata da muhallin mutanen da kamfanin ke aiki a cikinsu. Akwai hukunci guda a sashen da nake so kowane sabon darakta ya haddace: ba ya halatta ya ɗaure ƙuri'arsa tun kafin zama. Ba za ka yi wa kowa alkawari a daren jajibiri cewa gobe ga inda za ka ɗaga hannu ba. Saurari wanda ya kawo ka, kai damuwarsa gaban majalisa in tana da tushe, amma in an zo ƙuri'a ka bi abin da ka ga ya fi wa kamfani. Matsayinka irin na uwar adashe ne, kuɗi na hannunta amma ba nata ba ne, kuma ba ta da ikon tsallake 'yan zubi ta ba ƙawarta kwasa.

Sashe na 308 bai yi wa daraktan da ba ya cikin aikin yau da kullum rangwame ba. Kulawar da ake nema daga manajan darakta ita ake nema daga gare shi, kowa kuma yana ɗaukar alhakin abin da majalisa ta yanke yana zaune. Ƙin zuwa ba tare da uzuri ba ma ba ya wanke mutum. "Na ga kowa ya amince ne na bi" ba ta fid da kowa a gaban alƙali. Sashe na 307 ya hana mutum zama darakta a kamfanonin jama'a, wato masu sayar wa jama'a hannun jari, fiye da biyar, ni kuwa a ganina duk mai karanta takardun zama da gaske zai ji biyar ɗin ma sun yi masa yawa.

Mataki na biyu: lissafa kanka da danginka a takarda

Kafin zamanka na farko, keɓe yini guda da biro da takarda. Rubuta duk kamfanin da kake da hannun jari ko kujera a ciki, har da wanda ka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, shekarun baya ka manta da shi. Rubuta na matarka ko matanka, na mijinki in ke ce, na 'ya'ya, na surukai, na 'yan uwa shaƙiƙai da 'yan uba. Rubuta yaran gida da ka buɗe wa kamfani da sunansu alhali jarin naka ne. Sa filaye da gidajen da ka ba da haya, bashin da ake bin ka da wanda kake bi, da duk gidauniya ko makaranta ko kwamitin masallaci ko na coci da kake shugabanta, domin wata rana za su iya neman gudummawa daga kamfanin.

A nan ne namu ya fi na wasu wuya. Fom ɗin da kamfani zai ba ka yana da 'yan layuka ne kaɗan, kamar gida bai wuce miji da mata da 'ya'ya biyu ba. Mu kuwa mutum ɗaya na iya ɗauke da gida mai mutum hamsin. Ɗan ƙanwarka da ka riƙe tun yana firamare, ka yi masa aure, ya fi kusa da zuciyarka a kan wasu da fom ɗin ya ambata. Saboda haka kada ka tsaya inda layukan suka tsaya. Tambayi kanka game da kowane mutum: in ya nemi kwangila a kamfanin nan, zan so ya samu fiye da yadda zan so wa baƙo? In amsar i ce, sunansa ya shiga takarda.

Daga nan nemi sakataren kamfani ya ba ka jerin manyan 'yan kwangila, da masu kawo kaya, da manyan abokan ciniki, da waɗanda kamfani ke bi bashi, da masu gidajen da yake haya, da abokan gogayyarsa a kasuwa. Ajiye jerin biyu gefe da gefe. Duk inda suna ya fito sau biyu, ka san ga inda za a iya samun matsala. Miƙa wa sakatare takardarka ka riƙe kwafi. Ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta 2018, wadda hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, FRC, ta fitar, ta nemi darakta ya yi wannan bayani lokacin naɗi, ya maimaita duk shekara, ya kuma sabunta shi da zarar wani abu ya canza. Aure kaɗai yana iya canza shi: 'yarka ta auri ɗan babban mai kawo wa kamfani kaya, ranar ɗaurin auren lissafinka ya tashi daga yadda yake.

In an naɗa ka ne a matsayin darakta mai zaman kansa, duba da kyau ko ka cika sunan. Bayan gyaran da aka yi wa CAMA a 2023, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na daraktocin kamfanin jama'a dole su kasance irin waɗannan. Sharaɗin ya haɗa da cewa a shekaru biyun da suka gabata, kai ko danginka ba ku yi wa kamfanin aikin albashi ba, ba ku yi masa aikin odita ba, kuma kuɗin da ya shiga tsakaninku bai haura naira miliyan 20 ba. Ƙa'idar 2018 ta ƙara da cewa hannun jarinka kada ya wuce kashi 0.01 cikin ɗari, zamanka kuma kada ya wuce shekara tara. In lissafinka ya nuna ba ka cika ba, faɗa tun da wuri a sauya maka matsayi.

Mataki na uku: bayyana a rubuce, sannan ka bar ɗakin

Wannan shi ne zuciyar maganar, don haka bari mu bi shi a hankali da misali. A ɗauka kamfaninku na neman wanda zai riƙa kawo man dizal na shekara guda. Wata Asabar ƙanenka ya same ka a gida a Gwarimpa, aka gaisa, aka sha shayi, sai ya gyara zama.

"Yaya, na ji kamfaninku na neman mai kawo dizal. Na riga na shigar da takarduna. Baki ɗaya kawai za ka sa mini."

Amsar da za ta tsirar da ku duka biyu ita ce ta gaskiya, kuma a take: "Ka kyauta da ka gaya mini. Bar takardunka su bi layin da na kowa ya bi. Ni ranar Litinin zan rubuta wa sakatare cewa kai ƙanena ne, ranar da za a yi maganar kuma ba da ni za a yi ba." Zai ji ba daɗi. Wataƙila da daddare Hajiya ta kira, ko kawu, a ce ashe ɗan uwanka ba zai ci arzikinka ba. Kada ka yi musu gardamar doka. Gaya musu abin da za su gane, cewa in ka sa baki aka ba shi, duk ranar da magana ta fito za a iya soke kwangilar, a nemi ribar, sunan gidan kuma ya shiga jarida. In ya ci da guminsa bayan ka bayyana, babu mai iya ƙwace masa.

Sashe na 303 ya wajabta wa daraktan da ke da wata maslaha a cikin cinikin kamfani, kai tsaye ko ta bayan gida, ya sanar da sauran daraktoci. Yi shi a rubuce, nan take, kada ka jira ranar zama. Takardar ta faɗi ko wane ciniki ne, wane ne mutumin ko kamfanin, mene ne tsakaninku, da kuma ko akwai abin da zai shigo aljihunka, har da kason hannun jarinka in kana da shi. Bayanin da ka yi a farkon shekara kada ka dogara da shi, sake yi a kan wannan cinikin da sunansa. Roƙi sakatare ya cire takardun wannan batu daga kundin da za a aiko maka, domin ganin farashin sauran masu nema shi kansa fifiko ne.

Ranar zama, in an iso wurin da shugaba ke tambayar ko akwai mai abin bayyanawa, miƙe da bakinka: "Ranka ya daɗe, batu na bakwai a ajanda ya shafe ni. Ɗaya daga cikin masu neman ƙanena ne, kamar yadda na rubuta. Ina neman izinin fita in an zo kansa." Na sha ganin abin da ke biyo baya. Shugaba zai yi murmushi ya ce, "Haba Alhaji, zauna mana, ai mun yarda da kai." Da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma ka gode masa ka fita. Zamanka a ɗakin, ko uffan ba ka ce ba, ya isa ya ɗaure bakin mutane. Wane ne zai dubi idonka ya ce farashin ƙanenka ya yi tsada, ko ya taɓa kawo gurɓataccen mai? Kunyar da muke ji wa juna abu ne mai kyau a zaman gida, amma a wannan ɗakin dukiyar wasu take ci. In ta intanet ake zaman, fita daga kiran gaba ɗaya, kashe makirfo bai wadatar ba. Kada kuma ka bi daraktoci ɗaya bayan ɗaya a waya kafin zaman, ko ka tsaya da shugaban sashen saye a bakin lif kana tambayar inda aka kwana.

A zama na gaba, in an kawo rubutaccen bayanin zaman baya don amincewa, karanta wannan wurin kalma-kalma. Ya nuna ka bayyana, ya nuna lokacin da ka fita da lokacin da ka dawo, ya nuna ba a ƙirga ƙuri'arka ba. In babu, nemi a gyara kafin shugaba ya sa hannu. Bayan shekara biyar babu wanda zai tuna abin da ka faɗa, takardar ce za ta yi maka shaida.

Wani zai ce, to in farashin ƙanen nawa ya fi na kowa sauƙi fa, wa aka cuta? An amsa wannan tun 1854, a shari'ar kamfanin jirgin ƙasa na Aberdeen da kamfanin 'yan uwan Blaikie a Birtaniya. Shugaban kamfanin jirgin yana da hannu a kamfanin da ya sayar masa da ƙarafan ɗora layin dogo. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce kamfanin jirgin na da ikon warware cinikin, kuma ba za a ma buɗe maganar ko farashin ya yi adalci ba, domin mutum ɗaya ba ya zama mai saye da mai sayarwa a ciniki guda. Daga wannan tushe dokarmu ta samo hukuncinta.

Mataki na huɗu: san lokacin da magana ta fi ƙarfin majalisa

Akwai cinikin da fitar darakta daga ɗaki bai isa ya halatta shi ba, sai an koma wa masu hannun jari. Ƙa'idojin NGX kan mu'amala da makusanta sun ce in darajar cinikin ta kai kashi 5 cikin ɗari na tsabar kadarorin kamfani bisa lissafin odita na ƙarshe, sai an nemi amincewarsu a babban taro, kuma wanda abin ya shafa da mutanensa ba za su jefa ƙuri'a ba. A ce tsabar kadarorin naira biliyan 40 ne, to cinikin biliyan 2 ya kai. Kada ka yarda a yanyanka shi ƙanana-ƙanana don a kauce wa layin, domin ana haɗa cinikin da aka yi da mutum ɗaya cikin shekarar kuɗi guda. Sashe na 310 na CAMA ma ya nemi amincewar babban taro in kamfani zai sayi wata babbar kadara daga hannun darakta ko makusancinsa, ko zai sayar masa.

Ga cinikin yau da kullum da ke maimaituwa, kamar sayen kaya daga uwar kamfani ko kamfanin da ke rukuni ɗaya, ana neman izini na bai-ɗaya a taron shekara. Za ka gan shi kusan kullum a ƙarshen sanarwar taro, kuma yakan wuce cikin minti biyu. Ni ina ganin nan ne ya fi cancantar darakta ya tsaya ya yi tambaya: da wane ma'auni aka sa farashin, an gwada shi da na kasuwa, wa ya duba? Kuɗin da ke zurarewa ta wannan ƙofa a hankali yake fita, shi ya sa ba a jin ƙararsa.

Mataki na biyar: kyauta, dama, da labarin cikin gida

Sashe na 313 ya haramta wa darakta karɓar toshiya, ko kyauta, ko kamasho, kuɗi ne ko kaya, domin ya haɗa wani da kamfaninsa. In ya karɓa, kamfani na da ikon ƙwatowa. Dokar ta bar ƙofa ɗaya ƙarama: kyautar godiya da ba a roƙa ba, wadda ta zo bayan an kammala ciniki, ana iya barin darakta ya riƙe ta in ya bayyana a gaban majalisa aka rubuta a bayanin zama. Ragon layya daga ɗan kwangila, kujerar Umara, gudummawar bikin 'ya, duk su bi ta wannan ƙofa ko a mayar da su cikin mutunci. Musulmi ya san hadisin ma'aikacin zakkar da ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa. Tambayar ke nan da za ka yi wa kowace kyauta.

Sai damar kasuwanci. Ka ji a zama cewa kamfani na neman fili a Idu don gina sito, sai ka tura ɗanka ya riga shi saye, ko ka ji wani ciniki da aka kawo wa kamfani ka karkatar da shi zuwa naka. Sashe na 306 ya hana darakta cin ɓoyayyar riba da dukiyar kamfani ko labarinsa ko damarsa. Cewa kamfanin ba shi da kuɗin yi, ko ba ya so, ba hujja ba ce. Ajiye kujera ma ba ya sauke nauyin, labarin da ka samu kana ciki yana nan amana bayan ka fita. Wanda ya bayyana wa babban taro kafin ya ci ribar zai iya tsira, wanda ya bari sai da ya ci sannan ya faɗa, sai ya dawo da ita.

Na uku shi ne wanda ya fi saurin kama mutanen kirki. Kai ka san ribar bana ta ninka, ko an tafka asara, ko ana shirin haɗewa da wani kamfani, alhali kasuwa ba ta sani ba. Saye ko sayar da hannun jari da wannan sani laifi ne a dokar zuba jari, wadda aka sabunta a 2025, haka ma tsegunta wa wani ya saya. Kamfani zai riƙa sanar da kai lokacin rufewa, wanda na ciki ba sa taɓa hannun jari har sai awa 24 bayan an fitar da labari ga kasuwa. Gaya wa dillalinka da iyalinka su ma su tsaya. Kula da bakinka a majalisar hira bayan magariba da zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. "Ku dai riƙe namu, akwai alheri a tafe" ta isa ta zama hujja a kanka.

Mataki na shida: bashi

A kamfanin da ba banki ba, asali CAMA ta hana ba darakta rance sai a wasu 'yan wurare da ta keɓe. A banki kuwa, dokar bankuna ta 2020, BOFIA, ta sa iyaka: bashin darakta ɗaya kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na jarin da aka biya, na dukkan na ciki a haɗe kada ya wuce kashi 10. A Afrilun 2021 Babban Banki ya rushe majalisun First Bank da uwar kamfaninsa, FBN Holdings, cikin dalilan da ya bayar har da basussukan na ciki. A Fabrairun 2025 kuma ya umarci duk daraktan da bashinsa ya daina biyuwa ya sauka daga kujera. Shawarata ga daraktan banki ita ce ya kai buƙatar rancensa wani bankin.

Mataki na bakwai: in matsalar ta wani ce

Bayyana naka ya fi sauƙi a kan tona na wani, balle in shugaban majalisa ne ko mai hannun jari mafi tsoka. Amma amanar ba ta tsaya a kan tsarkin hannunka kaɗai ba. A Amurka, majalisar kamfanin Enron ta san shugaban sashen kuɗinta, Andrew Fastow, yana tafiyar da wasu kamfanoni da ke ciniki da Enron ɗin, ita ce ma ta ba shi izini a 1999. Ya samu sama da dala miliyan 30 ta wannan hanya, kamfanin ya rushe a Disambar 2001. An bayyana, an amince, sai aka rasa mai bin sawu.

Fara da ganin mutumin a keɓe, cikin girmamawa: "Yallaɓai, na ga sunan kamfanin nan a batu na huɗu, ina jin yana da alaƙa da gidanka. Gara kai ka faɗa da bakinka." Sau da yawa a nan take ƙarewa. In bai yi ba, ɗaga maganar a zama, ka nemi a jingine batun har a samo farashi daga wasu wurare ko a kawo mai ƙima daga waje. In an rinjaye ka, jefa ƙuri'ar ƙi, ka nemi a rubuta sunanka da dalilinka. Daga nan kai wa kwamitin binciken kuɗi, wanda sashe na 404 ya ce a kamfanin jama'a mutum biyar ne, uku wakilan masu hannun jari, biyu daraktocin da ba sa cikin gudanarwa. Kana da damar neman shawarar lauya mai zaman kansa, ga kuma hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ko Babban Banki in banki ne. In ka ga an mai da kai ado ana fakewa da sunanka, ajiye kujerar, ka rubuta ainihin dalili a takardar murabus. Rubuta "saboda wasu dalilai na ƙashin kai" alhali ba haka ba ne rufa wa ɓarna asiri ne.

Ga mai ƙaramin hannun jari

Kai ma kana da aiki, ko da hannun jarinka bai taka kara ya karya ba. Doka ta ba ka sanarwar kwana 21 kafin taron shekara. Samo rahoton shekara daga shafin kamfanin ko na NGX, tsallake hotuna da jawabin shugaba, ka nufi wurare biyu: rahoton daraktoci, inda ake faɗar hannun jarinsu da maslaharsu a kwangiloli, da bayanin mu'amala da makusanta a can ƙarshen lissafi. Duba nawa aka saya daga kamfanonin daraktoci, nawa ake bin su, sannan ka gwada da na bara. In adadin na hawa riba na sauka, ka sami abin tambaya.

Aika tambayarka a rubuce ga sakataren kamfani kafin ranar da sanarwa ta ƙayyade, ka kuma maimaita ta a taron. Tun gyaran 2023 kamfanonin jama'a na iya yin taro ta intanet, don haka daga Nyanya ko Kuje za ka iya halartar wanda ake yi a Legas. In ba za ka samu ba, cike takardar wakilci ka nuna inda kake so a jefa ƙuri'arka a kowane batu, ta isa wurin rajistara, mai riƙe da rajistar masu hannun jari, awa 48 kafin taro. Kana da ikon tsayar da wani mai hannun jari takarar kwamitin binciken kuɗi in ka rubuta kwana 21 kafin taro, sai ka zaɓi wanda ya iya karanta lissafi. Masu riƙe da kashi ɗaya cikin goma na jarin da aka biya, in suka haɗa kai, suna iya tilasta a kira taro na musamman.

In kana da ƙorafi, fara kai shi ga kamfanin, in bai warware ba ka wuce NGX, sannan SEC, wadda hedikwatarta ke tsakiyar birnin Abuja, bayanta kuma akwai kotun musamman ta harkokin zuba jari. Inda daraktoci suka cuci kamfani kuma su ne ke riƙe da shi har ba zai kai kansa ƙara ba, CAMA ta ba mai hannun jari damar neman izinin Babbar Kotun Tarayya ya shigar da ƙara a madadin kamfanin. Wannan hanya na cin kuɗi da lokaci, ta fi sauƙi in kun taru kun ɗauki lauya ɗaya. Kowace takarda ka kai, je da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, domin a mataki na gaba shi za a fara tambayar ka.